Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Shekara goma sha huɗu ina buga takardu a shagon da ke manne da na Malam Isiyaku mai gyaran kwamfuta a Tudun Wada, ban taɓa ganin inji ya gagare shi ba sai nasa na kansa. Siriri ne, da tabarau ɗaure da zare, ga taurin kai kamar ya kashe mutum. Da rediyo ya fara, a Legas ya koyi aikin yana saurayi. Da kwamfuta ta shigo ya bi ta, har ɗaliban jami'ar da ke unguwar Kongo suka haddace hanyar shagonsa.

Shi ɗan fari ne, don haka mahaifiyarsa ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, ranar da ranta ya yi fari kuma "yayan su Hanifa". Yana Legas ta aika masa da saƙo a kaset, yadda ake yi a lokacin. Bai kai ƙarshe ba rikoda ta tauna zaren, ya jefa kaset ɗin cikin akwati.

Bara Inna ta rasu. A zaman makoki ƙanwarsa Hanifa ta ce masa, "Yaya, ai ni na ɗauki saƙon nan, na zaci na kashe, ashe ban kashe ba. Inna ta faɗi sunanka a ƙarshe, ba ta sani ba."

Tun daga ranar ya rasa sukuni. Ya liƙe zaren da hannunsa, amma ya yi laushi ƙwarai, da ƙyar zai jure juyi ɗaya. Sai ya shirya ya jona rikoda da kwamfutar shagonsa, muryar ta shiga ciki tun a juyin farko. Nan kwamfutar ta ce atafau ba ta ga katin sauti ba.

Na ce, "Malam, ka kara waya a bakin rikodar mana."

Ya harare ni. "Muryar Inna ce za ta yi gasa da janaretonka?"

Ya cire direban sauti, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya sake sawa. Shiru. Ya tono wani tsohon kati daga kwali, ya goge haƙoransa da robar goge fensir, ya sa a wannan rami, ya mayar wancan. Shiru dai. Na ce ya kai wa Sharfaddeen na Hanwa, wanda Malam ɗin da kansa ya yaye a sana'ar, ya ce Allah Ya kiyaye. Wanzami dai ba ya son jarfa. Dariya nake masa a fili, amma wallahi tausayi yake ba ni. Mutum ya doshi sittin, kullum zai ɗauko kaset ya jujjuya a hannu ya mayar.

Rana ta tara, bayan la'asar, na ji ya buga tebur. "Ni ne! Wallahi ni ne!"

Ashe shekarun baya, da masu jiran gyara suka dame shi da kunna waƙa a injin, shi da kansa ya shiga saitin da ake buɗewa kafin kwamfuta ta gama tashi, ya kashe sautin daga tushe. Da injin wani ne, nan zai fara dubawa. Nasa kuwa ya ɗauka ya san shi ciki da bai.

Ya kunna, kati ya bayyana a allo. Na kashe janareto, muka dogara da batir. Ya yi bisimilla ya danna.

Muryar ta fito siririya, tana rawa. Ta gaida shi a fakaice, ta ce a gaya wa wancan ya riƙe salla. Wurin liƙin ya zo, zaren ya yi ƙara. Ya wuce. Muka ji motsin tabarma, da kaza can nesa.

"Hanifa, kin kashe?"

"Na kashe, Inna."

Ta yi ajiyar zuciya. "Anya Isiyaku yana cin abinci kuwa a garin nan?"

Malam Isiyaku ya sunkuyar da kai, kamar tana zaune a gabansa.

"Ina ci, Inna," ya ce.