Tsohon Kwalin Maganin Inna Hansatu

Duk ranar da kasuwar Kibiya ta ci, Inna Hansatu ta Nariya na zuwa da kwandon daddawarta, kuma kafin ta sayi ko gishiri sai ta biya kemis. Sunan maganin ma ba ta sani ba. Kwance bakin zani take yi, ta zaro wani tsohon kwali da ya yi laushi kamar tsumma, ta ce, "Kawu, irin wannan." Kawu mai kemis ya miƙo, ta juya. Shekara goma sha huɗu ana haka, jama'a!

Kwalin nan mijinta ne ya kawo shi, Malam Sadisu mai makarantar allo. A daminar da rediyo ba ya maganar komai sai shari'a, zafin ƙirji ya sa ta gaba, abin nan da ake cewa olsa. Malam ya hau keke har Rano ya sayo magani. Ya ɗebo ruwa a moɗa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu, ya ce, "Kullum da safe. Kada ki yi wasa da shi. In an gama girbi mu je Kano a duba ki." Dawa ba ta nuna ba zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi.

To, wa ke wasa da maganar ƙarshe ta mamaci? Hansatu ta riƙe ta a matsayin wasiyya. Ƙirji ya warke tuntuni, ita kuwa ba ta fasa ba. Akwai kuma wani abu da ba ta faɗa wa kowa. In ta idar da azahar ta jingina da mangwaron tsakar gida, gyangyaɗi ya ɗauke ta, sai ta hango shi a kan keke, cikin farar riga, yana ratsowa ta gonakin dawa. Ƙararrawa na kaɗawa can nesa. Yana ta zuwa, yana ta zuwa, bai taɓa isowa ba. A ranta ta gama yanke cewa maganin ne ke kawo shi, ranar da ta bari shi ke nan.

Da kumburin ciki ya dame ta, 'yarta Muhsina, mai koyarwa a firamare, ta tasa ta gaba sai Kano. Aka zura mata siririn bututu mai ido ta maƙogwaro. Bayan an gama aka nuna mata hoton cikinta, ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle birjik kamar an watsa ƙwayar dawa.

"Inna, ƙananan tsiro ne," in ji likitar, wata matashiya mai sanyin murya. "Ba ciwon daji ba ne, ki kwantar da hankali. Daɗewa a kan maganin nan kan jawo su. Shi na 'yan makonni ne, sai in likita ya ce a ƙara. Wa ya ce ki ci gaba?"

"Malam."

"A wane asibiti yake?"

Muhsina ta sunkuyar da kai. "Babana ne. Ya rasu."

Likita ta yi ta'aziyya, ta tsara yadda za a rage shi sannu a hankali har a daina. Hansatu dai ta damƙe kwalinta, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ai wannan raba ta da Malam za a yi karo na biyu.

A motar komawa ta kafa ido a taga. Ko'ina dammunan dawa ne a jingine, ana ta kai su gida. Sai ta dafa gwiwar 'yarta. "Ke Muhsina, ashe an gama girbi? Kaico! Rabin maganarsa na riƙe, na mance rabi."

Ranar da ƙwayar ƙarshe ta ƙare, ta sha ruwa zalla a moɗa. Da azahar ta jingina da mangwaro. Ta daɗe tana jira. Can sai ga ƙararrawa, kusa-kusa, har bakin zaure. Malam ya sauka, ya jingine keken a bango, ya ce, "Kin je an duba ki?"

"Na je, Malam," in ji ta. "Makara kawai na yi."