Sunan da Inna Ba Ta Kira Ba

Duk lokacin da na ji a rediyo ana zancen shimfiɗa layin jirgin ƙasa na cikin gari, wanda wai zai kai mutum kasuwa kafin shayinsa ya huce, ƙaurin ƙarfe mai zafin rana nake fara ji a hancina. Daga nan sai Inna ta faɗo mini a rai.

Inna kakata ce ta wajen uba. Ɗanta na fari, Baffanmu, ya shiga soja lokacin yaƙi. Bayan tafiyarsa muka taso daga ƙauye muka tare a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa, har Tarauni dawa ce da gero. Yaƙi ya ƙare, na wasu suka dawo, namu ko wasiƙa. Babana ya so a yi masa sadaka, Inna ta ce ba a gidan da take numfashi ba.

"Yaron nan bai san inda muka koma ba, shi ke nan," in ji ta.

Yaron nan take ce masa. Ka san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da: tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Don haka kullum bayan la'asar sai ta ja ni mu ratsa gonaki zuwa layin dogo, wajen wata kwana da jirgi ke rage gudu. Ita ke duba tagogi, ni ke da kira. In ta matse mini kafaɗa, in ƙwala sunan iya ƙarfina. Na kira baƙi sun fi a ƙirga, wasu har su ɗaga mini hannu suna dariya.

Wata rana da kaka, ana yankan gero, fara ta cika gona. Ni kuwa da kwaɗayi, na sulale na bi ta da ƙwaryata. Ina can nesa jirgin da zai yi kudu ya zo wucewa. Na hango Inna tana gudu a gefensa, tsohuwar da ko sauri ba ta yi, mayafinta ya faɗi, hannunta na laluben kafaɗar da ba ta nan. Bakinta a buɗe yake, amma babu abin da ya fito.

Da na iso ba ta yi mini faɗa ba, kuma da dukana ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Shi ne," ta ce. "Ƙeyarsa na gani. Da an kira shi, da ya waiwayo."

Ko shi ne, ko ba shi ba ne, Allah kaɗai ya sani. Ba ta sake neman rakiyata ba, ita kaɗai ta ci gaba da zuwa. Ran nan na bi ta a ɓoye. Babu jirgi, babu kowa, sai ƙarfe biyu a miƙe. Ta waiga dama da hagu, sannan ta faɗi sunan a hankali, sau uku, tana gwada shi a bakinta. Ta rasu kafin damina ta zagayo.

Yau gonakin nan duk sun zama shaguna, ƙarar adaidaita ta danne komai. Masu zancen sabon jirgi suna alfahari da saurinsa, ni kuwa saurin ne ba na so. Na tsufa, na yi jikoki, amma har yanzu ko a mota na ga ƙeyar wani dattijo ta taga, sai na ji an matse mini kafaɗa.