Tsoron Gadon Ciwon Inna

Ina da cikin fari aka fara koya mana ilimin halayyar ɗan Adam, wanda a aji muke ce wa saikoloji. A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, gabas da Ɗanbatta, Asabar da Lahadi kuma in shiga motar haya zuwa birni don ƙaro karatun malanta. Darasin bai dame ni ba sai ranar da malamin, wani dattijo mai sanyin murya, ya zo kan masanan da ke neman dalilin halin mutum a jikinsa. Ya ce a wajensu tunani da fushi da ruɗewa duk aikin ƙwaƙwalwa ne, kuma wasu cututtukan hankali suna bin jini, uwa ta ba 'yarta kamar yadda take ba ta hanci ko tsawo. Na ajiye biro.

Ina 'yar shekara tara Inna, mahaifiyata, ta haifi autanmu. Tun kafin suna ta daina barci. Ta dinga magana ba tsayawa, tana cewa jaririn ba nata ba ne, musanya mata aka yi. Wata safiya aka neme ta aka rasa, sai a cikin dawar maƙwabta aka same ta, ba takalmi, tana kiran kakarmu da ta daɗe da rasuwa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, daga baya Baba ya kai ta asibiti a birni. Bayan girbi ta dawo cikin hankalinta, kuma a gidanmu ba wanda ya ƙara ta da maganar. Ni ce kuwa kowa ke cewa na ɗebo kamanninta.

Mako na gaba malamin ya kawo wasu masanan da suka ce a bar zancen jini, hali koyonsa ake yi: in abu biyu suka zo wa mutum tare, jiki sai ya ɗaure su wuri guda. Nan ma na ga kaina. Tun ina yarinya, in na ji warin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwan wankan jego sai gabana ya faɗi, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Da ya zo kan masu cewa abin da yaro ya gani ya binne ba ya mutuwa, yana can ƙasan zuciya yana juya shi bai sani ba, sai na sunkuyar da kai, don ji na yi kamar labarin gidanmu yake ba ajin.

Daga nan na shiga gadin kaina. In na manta inda na ajiye ludayi sai in ce ga shi nan ya fara. In na yi dariya ta yi tsawo sai in katse ta. Mijina, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya ga ina ramewa ya tambaye ni, na ce laulayi ne. Tsoro nake kada ya fara kallona irin kallon da matan unguwa suka daɗe suna yi wa Inna.

Wata Lahadi na tsaya bayan darasi na tambayi malamin, na ce wata 'yar'uwata ce ke cikin damuwa. Ya dubi cikina, ya kawar da kai, bai tona ni ba. Ya ce gado yana ƙara yiwuwar abu ne, ba ya yanke hukunci. Ya ce akwai kuma masanan da ke duba yadda mutum ke fassara abin da ya same shi: mantuwa dai mantuwa ce, fassarar da aka yi mata ita ke cin mutum.

"Ki ce wa 'yar'uwar taki ta faɗa wa ma'aikaciyar awo tun yanzu," in ji shi. "Ciwo ne mai magani."

Sai da na yi kwanaki kafin na iya zuwa gidan iyayena. Na tarar da Inna a rumfa tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na taya ta, can na ce, "Inna, me kika ji a lokacin?"

Ba ta tambaye ni wane lokaci ba, hannunta ma bai tsaya ba. Ta ce kaɗan take tunawa: bangon ɗaki yana matsowa, da kukan jaririn da take jin tsoronsa. Ta ce goggonta ma ta yi irinsa. Wannan ban so jinsa ba.

"Ni ba wanda ya san abin da ake gani, shi ya sa har na kai gona," ta ce. "Ke kuwa ga ni, na san kamanninsa. Ki je ki faɗa wa mijinki yau."

Na faɗa masa. Ya ce gobe shi zai kai ni awo a babur. Ma'aikaciyar ta saurare mu, ta ce in na haihu barci ya ƙaurace mini ko tunani ya fara ruɗe mini, kada a tsaya jiran komai, a kawo ni.

Da damina na haifi mace. Inna ta tare a gidanmu, ta cire darbejiya daga ruwan wankana duk da gunagunin gwaggon mijina. Kullum da safe takan tambaye ni ko na yi barci. Wata safiya na ce a'a, jikina zafi, ina kuka ban san dalili ba. Na ga fuskarta ta canza, wannan ya fi komai firgita ni. Ta goya jaririyar, mijina ya bar kasuwa, muka tafi. Aka duba aka ce zazzaɓin kumburin nono ne da gajiya, aka ba ni magani, aka ce a dawo da ni in ban samu barci ba. Da muka koma gida na yi barci har la'asar.

Ciwon bai zo ba. Ranar da na yi arba'in Inna ta ɗaure kayanta, na raka ta bakin zaure na tsaya har ta sha kwana a bayan geron maƙwabta. Gidan ya yi tsit, ga shi ban taɓa zama daga ni sai yarinyar ba. Ta fara kuka a ɗaki. Na ɗan jima a tsaye, sannan na shiga na ɗauke ta.