Carafken Jikanyata

Duk sanda aduwa ta faɗo a kan kwanon ɗakina, ƙwas, sai kakata ta faɗo mini a rai. Ni ban yi boko ba, amma kada ka ga tsufana ka ɗauka ban san abin da ya dace da yaro ba.

A ƙauyenmu na wajen Gagarawa, yarinya in ta gama famfara, to ta wuce goyon 'yar tsana. Ranar da kaka ta karɓe tawa ta ƙashi ta ba ƙanwata, na yi kuka har na ƙi tuwo. Ko kallona ba ta yi ba. Sai bayan an kai gero gida, ta zauna a inuwar rumbu tana goga ƙwallayen aduwa a jikin dutsen niƙa har suka yi sulɓi. Ƙasarmu rairayi ce, tsakuwar carafke sai an sha nema, da waɗannan muke yi. Ta zuba mini a tafin hannu ta ce, "Ƙaramin yaro ake ba abin rungumewa. Babba kuwa sai abin da zai fitar da shi neman sa'o'insa."

Haka kuwa aka yi. Kullum da la'asar sakaliya muna ƙofar gida, ana jefawa ana cafewa, ana musu, ana shiryawa. Ni dai ba a taɓa cin galabata da sauƙi ba, ka tambaya, in akwai sauran wanda za ka tambaya.

To bana ɗana ya kawo mini 'yarsa hutu daga Kano, ita ma ta kai wannan munzalin. Ranar kasuwar Maigatari ya ce in bi shi in zaɓa mata abin wasa. Na duba motocin roba da 'yan tsana masu ƙifta ido, na ce duk na jarirai ne. Na dawo na duƙufa gugar aduwa da hannun nan mai ciwo. Burina tsakar gidan nan ya cika da hayaniyar 'yan mata, ko sau ɗaya ne, kafin ta Allah ta kasance.

Da na miƙa wa jikanyar tawa, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, yarinya mai ladabi. Ta ce, "Kaka, da wa ake yi?"

Na ce da ƙawaye mana. Muka leƙa waje. 'Ya'yan maƙwabta suna Islamiyya, in sun taso kuma sai kallo. Na ce to ni ce ƙawar. Na jefa sama, yatsuna suka ƙi cafewa. Ta tsince mini su ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini sannu, ta koma wajen wayar da uban ya bar mata don kada ta yi yawo.

Ban ga laifinsa ba. Iyayen yanzu abin da zai zaunar da yaro wuri ɗaya suke nema. Har hutun ya ƙare ɗakinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, amma in na ji dariyarta, to da wasu take yi waɗanda ba na gani.