Rabona Watan Marka

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina gudun a ce mutumin Birnin Gwari, da duk abin da garinsu ya gani, ya rasa labarin da zai bayar sai na lilo. Amma akwai tambayar da ta tsaya mini a rai, ba kuwa za a gane ta ba sai an ji yadda aka faro.

Mu goma sha biyu ne muka haɗa hannu muka sayi ciki da falo a Kaduna, a bayan wani wurin wasan yara. Alhajin da ke sayen hatsinmu ne ya kawo shawarar, shekarar da masara ta yi daraja. Ya ce 'ya'yanmu ba su san lilo ba sai na igiya a reshen mangwaro, don haka kowa ya ɗauki wata guda a shekara ya kai iyalinsa. Kuɗin mai gadi da wuta da ruwa kuwa, kowa ya ba da buhun masara da kaka.

Da aka zo maganar gyara, ba mu yi dogon tunani ba. A wajenmu in an yi tarayya a garmar shanu ko injin ban-ruwa, wanda abu ya karye a hannunsa shi ke gyarawa. Sai muka ce ɗaki ma haka: abin da ya lalace a watanka naka ne. Ba wanda ya tuna cewa garma lokaci ɗaya kowa ke aiki da ita, ɗaki kuwa da damina yake shan wahala.

Aka shiga zaɓen watanni. Manya suka kwashe na rani. Ticha, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe yana koyarwa a garinmu, ya ɗauki Disamba. Ni kuwa ina zaune ina auna kowane wata, wannan zafi, wancan lokacin shuka. Kafin in buɗe baki saura Agusta, watan marka, da ruwa ke wuni yana zuba.

"Malam, Allah ya sanya alheri," in ji Ticha. "Ka fara da sayen lema."

Ba a jima ba hanyar Kaduna ta lalace, mutane suka daina bin dajin nan sai dole. Shekaru suka shuɗe ban taɓa ganin ɗakin ba, amma ɗakin bai manta da ni ba. Buhu ya zama buhu da rabi. Duk Agusta kuwa, in wayata ta yi ƙara, na san mai gadi ne. Iska ta ɗaga kwano. Silin ya jiƙe ya rufto. Katangar baya ta zauna. Akwai shekarar da kwata ta toshe ruwa ya shiga falo, mai gadi ya rantse a ranar ƙarshe ta watana abin ya faru, ba washegari ba. Na biya, don ina tsoron a ce na tura wa wani nauyina. Har ta kai in hadari ya haɗo ina gona wajen Randagi, sai in tsaya da fartanya ina duba ko gabas ya nufa.

Uwar 'ya'yana ta mayar da abin wasa. Da ta ga na ajiye waya sai ta ce, "Maigida, babban ɗanka ne na Kaduna? Me ya ci kuma?"

Da hanya ta ɗan yi sauƙi, na yanke shawarar sayar da rabona. Ƙanin Alhaji ya ce yana so. Sai dai ba zan iya sayar wa mutum abin da ban gani ba, don wajibi ne in faɗa masa aibinsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce zan je in dubo.

"Ƙafarka ƙafata," in ji uwar 'ya'yana. "Yara ma suna hutu. Yarinyar nan tamu tana goye aka sayi ɗakin, ga ta yau ta kusa kafaɗata."

Muka bar wa ƙanena gona, muka shiga mota da safe. Daji ya yi kore shar. Bakina bai daina addu'a ba har muka fita daga cikinsa, yara kuwa suna ta gardamar wanda ya fara hango biri.

Mai gadi dattijo ne mai fara'a. Da na faɗi ko ni wane ne, sai ya leƙa waje ya kira maƙwabta. "Ku zo ku ga mai kwano. Yau Allah ya kawo shi." Ashe sunan da unguwa ta san ni da shi ke nan. Da la'asar ruwa ya kece. Na tsaya tsakiyar falo ina bin silin da ido lungu-lungu, ina jiran aibin da zan faɗa wa mai saye. Ko ɗigo. Ruwa na dukan kwanon da na saya, ga iyalina a ƙarƙashinsa suna cin dafaffiyar gyaɗa.

Washegari da aka ɗauke muka shiga wurin wasan. Ba kowa sai ma'aikata suna goge kujeru. Mutanen birni ba sa fitowa da marka, wuta kuma ta fi zama da damina. Yara suka hau dawakin roba masu zagayawa, suka hau ɗan jirgin ƙasa, babu layi babu turereniya. In injin ya tsaya, mai kula da shi sai ya ce, "A ƙara?" ya sake kunnawa.

Nan hankalina ya tashi. Na ce, "Ɗan'uwa, tikitin zagaye ɗaya muka yanka, injin kuma ba naka ba ne."

"Baba, kyauta ce."

Ban yarda ba sai da na je wajen manaja. Mace ce, ta dube ni ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce su suka ba da izini, injin da ba ya motsi da damina tsatsa yake yi. Ta ce, "Baba, taimakonmu kuke yi. Je ka hau kai ma."

Akwai wani babban lilo mai kama da tayar keke, yana ɗaga mutum sama da bishiyoyi. Ina duba notocinsa ina tambayar yaushe aka sa musu mai, sai na ji murya daga sama: "Maigida, in ka gama bincike ka same mu." Uwar 'ya'yana ce, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana dariyar da rabona da jin irinta tun kafin hanya ta lalace. Na hau. Zagayen farko idona a rufe. A na biyu na buɗe, na hango kogi ya cika ya batse, na kuma hango rufin ɗakinmu, ya fi na duk layin haske.

Na ba ƙanin Alhaji haƙuri, na ce na fasa sayarwa.

Kuskurena shi ne da mu masu ɗakin muka taru da kaka na kasa riƙe bakina, na ba da labarin duka. Na ga idanu sun canza. Ticha ya gyara zama ya ce, "Gaskiya mun cuci Malam. A raba kuɗin gyara tsakaninmu, watanni kuma su riƙa zagayawa."

"Adalci ke nan," in ji Alhaji, yana satar kallona.

Na ce, "Ticha, ina mai kwano ina zafin rana na Maris? Dokar garma muka ɗauka, a bar ta. Agusta nawa ne, da yoyonsa da komai."

"To ka sayar mini da mako ɗaya."

"Ka zo baƙunta, amma da lemarka."

Bana ma mun je, kuma ƙofar banɗaki ce ta ruɓe. Na gyara.

Ga tambayar tawa. Tunda na riƙe wannan rabo har iyakar raina, wata rana gado zai zama, ina kuma da 'ya'ya maza da mata. Kwanakin watan za a raba musu, ko ƙimarsa? Nauyin gyaran fa, bisa kason kowa zai hau, ko wanda abu ya lalace a kwanansa? Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce bai taɓa raba wata ba, zai bincika. Duk mai karatun da ya san hukuncin, ko ya ga inda aka taɓa raba irin wannan ba a yi rigima ba, don Allah ya sanar da ni tun ina da sauran ƙarfi.