Ƙafar da Ta Daina Jin Birki

Direban bas ɗin ma'aikatan kamfanin sabulu mutum ne da Allah ya ba jiki, shi kuma ya ƙara da nasa ƙoƙarin. Babban Kaya ake ce masa, kuma da dariya yake amsawa. Ya daɗe yana jan motar nan, ko bango bai taɓa shafa ba.

Sai ƙafarsa ta dama ta fara mutuwa. Wata safiya a mararraba ya taka birki, mota ta tsaya, amma shi bai ji ya taka komai ba. Ya tsorata ƙwarai, don ba shi kaɗai ke ciki ba. Da kansa ya kai makulli ofis, zuciyarsa ba daɗi.

Likita ta nuna masa hoton bayansa. Kitse ne ya taru cikin ƙashin baya, ya matse jijiyoyin da ke sauka ƙafa. An gwada rage abinci, abin ya faskara, aka tsaya a kan tiyatar rage girman ciki.

"Kai da ko allura sai an riƙe ka?" in ji matarsa.

"Ai ni barci zan yi. Ke za ki sha zaman jira."

Bayan aikin, 'yan cokula ke ƙosar da shi. Ya dinga yawo a ƙasa, wando na zamewa, matar na ƙara wa bel huji. Da watanni suka tura, likita ta tsikare shi a tafin ƙafa, ya zabura, ta ce ya koma aiki.

Ya hau motarsa, ya zauna, ya miƙa ƙafa. Ba ta kai birki ba. Ya zaci ciwon ne ya dawo.

Makanikin kamfanin kuwa dariya har da riƙe ciki. Ashe shi ne tuntuni ya ja kujerar baya ya yi mata walda don tumbi ya sami wuri, kitsen baya kuma na turo direban gaba.

"Maigida, ai rabinka ka baro a asibiti. Sauko in gyara."

Aka yanke ƙarfe, aka matso da kujera. Direba ya taka birki, ya ji taurinsa tun daga tafin ƙafa har gwiwa. Ya sake takawa, don daɗi kawai. Sannan ya leƙo ta taga ya dubi ma'aikatan da ke tsaye.

"To, ku shigo mana, kada ku makara."