Tabon Ƙafar Baba Gali

A idon sawun Baba Gali akwai baƙin tabo da ya zagaye ƙafar kamar zobe, dama da hagu. Duk layin masu kilishi na unguwar Briqueterie a Yaoundé an san da shi, kuma an daɗe da yanke hukunci: tabon mari ne, ya taɓa samun taɓin hankali a ƙasarsu aka ɗaure shi a gidan wani malami. Shi ya sa ake lallaɓa shi, ake bar masa gefen inuwa. Mu'mina ce kaɗai, ranar da ta tsaya sayen kilishi, ta lura tabon ya fi kauri ta waje, daidai inda akayau ke dukan ƙashi idan mai rawa ya dira. Akwai irinsa a ƙafarta, nata dai bai yi duhu haka ba.

Ta ɗaga kai ta dubi fuskar. Gemun ya yi fari, kafaɗun sun ranƙwafa, amma shi ne, shugaban 'yan koroson unguwarsu a Kano.

Tana yarinya ba ta iya haɗa ido da kowa, ko gaisuwa sai ta maƙale mata a wuya. Kawunta mai busa sarewa ne ya kai ta wurin Baba Gali. Bai taɓa ce mata ta ɗaga kai ba. Ya durƙusa ya ɗaura mata akayau da hannunsa, ya ce ta bar ƙafa ta yi maganar. Da haka ta koyi tsayawa gaban jama'a. Daga baya masu biki suka koma hayar na'urar kiɗa, masu wa'azi suka sa su gaba, ƙungiyar ta watse. Shi kuma ya bi masu shanu ya tsallaka iyaka, ya yi dakon nama a mayankar Etoudi har gwiwoyinsa suka gaza. Ya auri wata 'yar Garwa, ya zauna shanya kilishi a rumfar wani.

Ita karatun Faransanci ya kawo ta Yaoundé. Can gida Kano tana koya wa 'yan mata rawar duk Asabar, sai dai rawar tasu ba ta da ƙarshe. Akwai takun rufewa da Baba Gali ya ƙirƙira, ya ce wa su Mu'mina sai sun girma zai koya musu, ya tafi bai koyar ba. Manyan da suka iya, wasu sun rasu, wasu ba sa son a tuna musu.

Ranar da ta gane shi, ƙunshin kilishinta kawai ta karɓa ta wuce. Washegari ta dawo ta durƙusa a gefen bencinsa.

"Baba, ina wuni. Mu'mina ce, ta gidan Musaddiq mai sarewa."

Ya daɗe yana kallonta. "Mai kallon ƙasa? Ke ce kika zama haka?"

Garga, mai rumfar kusa, ya leƙo. "A'a, Baba Gali ya yi baƙuwa 'yar boko! Madam, dawo nan, nasa yaji ne zalla, nama sai an sa tabarau."

"Kai dai ji da ƙudajenka," in ji Baba Gali. Sai ya sassauta murya. "'Yata, kada ki ambaci wancan abu a nan."

"Baba, cewa suke mari aka sa maka."

"Na sani. Ni na bar su. Wanda ya yi hauka ya warke, cewa ake Allah ya ji ƙansa, har sahun gaba ake matsa masa a masallaci. Ɗan koroso fa? 'Yata Saliha an kawo gaisuwarta daga gidan liman. Ita kanta ba ta sani ba, uwarta ma haka."

Mu'mina ta sunkuyar da kai. Ta gaya masa zancen yaran da take koya wa rawa, da yadda suke tsayawa cirko-cirko idan kiɗa ya zo ƙarshe. Ta ce ba sai ya tashi ba, ya nuna mata ko da hannu ne.

Ya waiga dama da hagu, ya jawo wani faifai, ya kafa yatsu biyu a kai kamar ƙafafu. Suka taka gaba, suka ja baya, suka juya. Ta gane wannan, nan ne inda yaranta suke tsayawa. Yatsun suka ɗaga za su dira, sai suka tsaya a sama. Ya sake daga farko, leɓensa na motsi da kiɗan. Suka sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Ba ni na riƙe takun ba ashe," ya ce. "Ƙafar ce ta sani. Ita kuwa ko matakalar masallaci sai na dafa bango."

"Ko nan gaba zai dawo maka, Baba. Ina nan har ƙarshen shekara."

Ya girgiza kai. "Kada ki riƙa zuwa. Garga ba ya barin tambaya."

Maganar da ta yi shekara da shekaru tana tanadi ta fito guntuwa. "Duk inda na tsaya na buɗe baki, kai ne, Baba. Na gode. Allah ya saka da alheri."

"Amin," ya ce, bai dube ta ba. "Ki ce wa yaran su tsaya inda kiɗa ya tsaya."

"Wai me ya yi miki ake ta godiya haka?" Garga ya sake leƙowa.

"Maƙwabtanmu ne a gida," in ji Baba Gali.

Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta bi ta tsakanin hayaƙin masu tsire zuwa bakin titi inda ake tsaida tasi. Baba Gali ya ture faifan gefe, ya jawo roba, ya zuba ruwa ya shiga dama labu, haɗin ƙuli da yajin da ake tsoma kilishi a ciki.